Kariya a Cikin Leda

Sau uku ina sayen fulawa a Kano, sau uku tana mutuwa a hannuna. Ta farko rana ta ƙone ta. Ta biyu akuyar maƙwabci ta karya kumallo da ita. Ta uku kuwa babu rana babu akuya, na dai wayi gari na tarar ta langaɓe kamar lawashin da ya kwana a kasuwa. Uwargida ta daina magana ta koma kallo, kallon kuma ya fi maganar ciwo. Shi ya sa da ɗaurin auren ƙanen wani abokina ya kai ni Bauchi a watan Fabrairu, na ƙudura ba zan dawo ba sai na zauna da Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin gandun daji kafin ya yi ritaya.

Mun bar Kano bayan asuba, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu muka faɗa Ningi. Tafiyar kimanin kilomita 300 ce. Daga Ningi ƙasa take sauya kama: fili ya ja baya, duwatsu su fara tasowa, wasu kamar an kife ƙwarya, wasu kamar an jibge buhuna an manta da su. Sauran hazon hunturu yana nan, ciyawa ta bushe ƙamas, nan da can an yi gobarar daji ƙasa ta yi baƙi. A cikin wannan bushewar ne, bayan mun wuce Kafin Madaki, na hango wani guntun itace a tsagin dutse. Ba shi da ganye ko ɗaya, jikinsa a kumbure kamar tulu, amma kansa ya yi caɓa-caɓa da fure mai ruwan hoda. Na nuna wa na kusa da ni. Ya ɗaga kai ya duba, ya mayar da idonsa kan waya.

Kawu yana cikin gari, a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da ke cikin ganuwa. Bayan an sha ɗaurin aure, an kuma yi wa masar Bauchi da miyar taushe abin da ya dace da su, na kawo masa ƙarata. Na tambaye shi ko akwai wani lambu na gwamnati da mutum zai shiga ya ga furanni ya yi tambaya, irin yadda muke shiga Gidan Zoo na Audu Baƙo a Kano.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ɗana, in namun daji kake so, ga Yankari can, tun 1962 ake shiga kallo, ka yi wanka a Wikki ka dawo. In wurin da yara za su hau lilo a sayar maka da lemon kwalba kake nema, shi ma ba a rasa ba. Amma inda ake koyon shuka a garin nan ba shi da ƙofa, ba a kuma yankar tikiti. Gobe ka sa takalmin da ba ka tausayi."

Da safe bai kai ni wurin fulawa kai tsaye ba. Da ƙafa muka fara, lungu-lungu. Garin nan Malam Yakubu, mai tutar Shehu Usmanu, ya kafa shi a 1809, tarihin baka kuma ya ce wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin, a gefen dutsen Warinji. Ƙofofin ganuwar har yau su ne sunayen da ake kwatance da su: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Wambai, Ƙofar Jahun. Kawu bai damu da ƙofofin ba, itatuwa yake nuna mini. Ga durumi a ƙofar wani zaure, dattawa sun shimfiɗa tabarma. Ga ceɗiya, wani tela ya kafa kekensa a gindinta. Ga tsamiya ta leƙo ta kan katanga, ga zogale an aske shi tas saboda kwaɗo.

Ya ce in lura ko na ga abu ɗaya da aka shuka don a kalla kawai. Na duba ban gani ba.

Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Bahaushe ba maƙiyin ado ba ne. Wanda ya ga zanen da magina ke yi a fuskar soro, ko aska takwas a wuyan riga, ko jeren ɗakin amarya, ko doki ranar hawan sallah, ya san mutanen nan suna ɓatar da dukiya da lokaci a kan abin da ido kawai zai ci. Amma da an zo kan itace sai tambayar ta sauya: yana da inuwa? Ana cin 'ya'yansa? Yana magani? In an amsa a'a sau uku, gatari ne makomarsa. Ko lalle, wanda furensa ke cika tsakar gida da ƙamshi da daddare, saboda ganyensa ake barinsa. Fure a wurinmu alkawari ne da itace yake yi kafin ya ba da 'ya'ya, ba shi ne biyan bukata ba. Har kalmar da muke kiran shukar ado da ita aro ce, ta kuma zo ta yi karo da garin burodi. Ka ce wa yaro ya sayo fulawa, sai ka yi masa bayanin wacce.

Daga nan muka tari Keke Napep zuwa GRA. Turawa sun ci Bauchi a 1902, kuma kamar yadda suka yi a sauran garuruwa, sun ware wa kansu unguwa a bayan ganuwa, suka jera itatuwa a bakin hanya. Da ka shiga za ka ji iskar ta sauya. Manyan maɗatai, mangwaro da ya yi fure yana zubar da ƙamshi, da darbejiya ko ta ina. Kawu ya dafa wata ya ce, "Wannan da kake gani kamar da ita aka halicci Arewa, baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya. Ta Ghana aka shigo da ita, a Borno aka fara dasa ta a 1928. Yau wa zai ce mata baƙuwa?" Ya nuna mini wata mai dogayen kwansuna baƙaƙe suna reto, wadda masu sayarwa ke kira filamboyan. Ita daga tsibirin Madagaska ta fito, kuma sai zafin bazara ya kai maƙura, dab da saukar ruwa, take yin ja kamar an cinna mata wuta.

Wurin da muka nufa yana bakin titi, a gefen wani kwalbati da ruwa ke ɗan tsatsafowa. Babu allo, babu shinge. Leda ce baƙa, ɗaruruwa, an jera su sahu-sahu a ƙarƙashin inuwa, kowace da ɗan tsironta. Gefe guda tulin baƙar ƙasa, tulin yashi, tulin taki. Samari biyu suna cika leda suna hira da yarensu, in mai saye ya tsaya su juya Hausa. Mai wurin dattijo ne siriri, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, da butar ban-ruwa a hannu. A ƙuruciyarsa gadina ne a gidajen manyan ma'aikata. Shi da Kawu suka gaisa gaisuwar mutanen da suka daɗe suna musu a kan abu ɗaya.

Kawu ya ce, "Ga ɗan yayata daga Kano. Mai kisan fulawa ne."

Na ce, "Baba, ina kwana. A taimaka mini."

Ya ajiye butar ya kife wani bokiti ya ce in zauna. Hausarsa irin ta Bauchi ce, wadda ba ta cika wahalar da kanta wajen raba mace da namiji ba, "tukunyan" da "ƙasan" duk ɗaya ne, kuma kafin a yi nisa na ji nawa bakin ya fara karkata can. Tambayoyinsa irin na likita ne.

"Ta ukun nan, Malam, sau nawa kake ba ta ruwa?"

"Safe da rana da yamma."

"Tukunyan akwai huji a ƙasa?"

Na yi shiru. Tukunyar siminti ce mai fenti, na saye ta da tsada, ban taɓa ɗaga ta na duba gindinta ba.

Ya ce, "To ai kai ka kashe ta. Saiwa tana numfashi kamar ni da kai. Ka tsare ta cikin ruwa, ta ruɓe, ganye ya yi laushi, kai kuma ka ga laushi ka ce ƙishi ne ka ƙara ruwa. Yawancin fulawan da ke mutuwa a gidan masu kuɗi, ba ƙishi ke kashe su ba."

Abin da ya biyo baya ya fi awa biyu, ba a zaune aka yi shi ba. Yana aiki yana magana, ina bin sa a tsakanin sahun leda. Ya ɗebo ƙasa ya dunƙula a tafin hannu ya buɗe: in ta tsaya dunƙule kamar fura, laka ta yi yawa, a ƙara yashi, in ta watse nan take, a ƙara baƙar ƙasa da taki. Takin ma ba kowanne ba. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara, sai wanda ya kwana biyu ya huce ya yi baƙi, ya daina wari. In za a dasa, a yaga ledar a cire ta, a bar ƙasar da ke riƙe da saiwar yadda take. Ya ce ya sha zuwa gidan da aka kira shi duba itacen da ya ƙi girma, ya tona ya tarar da shi cikin ledarsa shekara guda, saiwar ta naɗe kanta kamar gammo. Ban-ruwa da sassafe ne ko bayan la'asar. Kafin ka zuba, ka tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ka wuce abinka.

Kan lokacin dashe ya fi tsanantawa. Ya ce duk abin da za a sa a ƙasa, ba a tukunya ba, a jira damina ta zauna, wajen watan Yuni, ba ruwan farko mai yaudara ba. A Bauchi ruwan shekara yana kai wa kimanin milimita 1,000, ya fi na Kano, amma a wata biyar yake zuba ya tafi, sauran watannin kuma kai da rijiyarka ne ko kurar 'yan garuwa. Itacen da ya sami damina guda cikakkiya saiwarsa ta nutsa, zai iya da rani. Wanda aka dasa a Maris don za a yi biki a gida, kuɗi ne aka binne.

Kowace shuka da halinta yake faɗa, kamar mai ba da labarin 'ya'yansa. Boganbila, mai ƙaya da launi kala-kala, 'yar wahala ce: ka ba ta rana, ka rage mata ruwa, sai ta rufe katanga da ja, ka shagwaɓa ta da ruwa da taki, ganye kawai za ta ba ka. Kawu ya sa baki ya ce daga Kudancin Amurka ta fito, sunanta ma na wani matuƙin jirgin ruwa ne Bafaranshe. Izora kuwa 'yar gata ce, ba ta son ƙasar da ta haɗu da siminti ko ruwan rijiya mai kanwa-kanwa, nan da nan ganyenta zai yi rawaya. Yalo-bush, wadda ake yi wa aski a bakin hanya, reshe kawai ake yanka a soka. Ya nuna wata mai siririn ganye da fure mai kyau, oliyanda, ya ce duk wanda ya zo saye sai ya tambaye shi ko akwai yara ƙanana ko awaki a gidan, domin dafi ce tun daga ganye har saiwa.

Muna nan mutane suna ta tsayawa, kuma a nan na gane abin da Kawu yake nufi. Wata malamar firamare ta zo da yara huɗu cikin kayan makaranta, sun yi karo-karo za su sayi dashen gwaiba da darbejiya. Baba ya sa kowane yaro ya yaga leda da hannunsa ya gwada dashe a gabansa, sannan ya ƙara musu biyu kyauta. Wata mata ta sauko daga mota da ganye a ƙulle a gefen mayafi, duk farin ƙwaro ya manne masa. Ya ce ta jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, ta tace, ta sa ɗan sabulu ta fesa da yamma. Ba ta sayi komai ba, bai kuma nuna ya damu ba. Wani saurayi ya tsaya ya kalli yadda ake yi wa mangwaro aure, aka miƙa masa reza ya gwada, ya ɓata, aka yi dariya, aka ba shi wani reshen.

Sai wani Alhaji ya zo da ƙatuwar mota yana son maskwaret guda ashirin. Itacen nan ne dogo siriri mai ganye a sunkuye, wanda yanzu ya zama alamar an gama gini. Baba ya loda masa bai ce uffan ba. Da motar ta tashi Kawu ya yi tsaki. Ni ma a nan ina bayan Kawu. Mun shiga wani yayi na sare mangwaron da aka tarar a fili, a malale tsakar gida da intalok daga bango zuwa bango, a jera waɗannan dogayen a jikin katanga kamar 'yan sanda a fareti. Inuwarsu ba ta isa kaza ta fake ba. In Afrilu ya zo, siminti ya ɗauki zafi ya riƙe har tsakar dare, mai gida ya koma zagin masu wutar lantarki. Ba baƙuntar itacen ce laifinsa ba, ai mangwaro da darbejiya ma baƙi ne. Su sun zo sun ɗauki aiki.

A can ƙarshen sahu, kan wani benci, aka ware wasu tukwane guda shida. Su ne masu tsadar wurin. Gindi a kumbure, rassa gajeru, fure ja da fari da ruwan hoda, wani ma ninki biyu kamar an yi masa gyaran tela. Na tambayi sunansu. Ɗaya daga cikin samarin ya ce dazat-roz.

Kawu ya dube ni. "Ba ka gane ta ba?"

Na sake dubawa. Sai tsagin dutsen nan na bayan Kafin Madaki ya faɗo mini.

Ya ce, "Kariya ce. Kariyar da ke kan duwatsunmu. Tun daga Senegal har ƙasar Larabawa take fitowa, sunan da masana suka ba ta ma daga birnin Adan na Yaman aka ciro shi. Mutanen Tailan da Taiwan suka ɗauke ta suka yi ta haɗa iri suna yi mata aure, suka fitar da launuka, ta zaga duniya ta dawo mana a tukunya da sunan Turanci. In ka ce wa Alhajin ɗazu ya dasa kariya a gidansa sai ya ce ka raina shi."

Baba ya yi murmushi ya ce shi dai ɗan kasuwa ne, sunan da ke sayarwa shi yake kira. Amma ya yarda babu shukar da ta fi ta dacewa da mutum irina. Tana ajiye ruwa a gindinta, ka yi tafiyar wata guda ka dawo ka same ta. Lokacin da komai ya bushe take fure. Akuya ba ta kula ta, domin ruwan jikinta dafi ne, mafarauta sun san shi tun da can; don haka a wanke hannu in an yanke ta, a kuma hana yara wasa da ita. Abin da take ƙi ɗaya ne, jiƙa. Rabin ƙasarta ya zama yashi, tukunya da huji, da damina a kawar da ita daga bakin indararo. In reshe aka yanko, a bar shi a inuwa kwana uku ko huɗu bakin ya bushe kafin a soka, amma mai son gindin nan mai kama da tulu sai ya shuka iri.

Daga nan Kawu ya ɓalle. Ya shiga lissafa abin da ke dajin Bauchi wanda ba ya cikin leda ko ɗaya a wurin: gurjiya mai jan fure kamar kofi, sansami da ke rufe kansa da ruwan hoda a tsakiyar rani, minjirya, marga mai zubo da rawaya kamar sarƙa, gauɗe mai ƙamshi. Ya ce duk ba mai neman a ba su ruwa. Baba ya ce ya kawo masa mai saye ɗaya, gobe zai fara renonsu. Na fahimci wannan ne musun da suka shekara ashirin suna yi.

Da la'asar muka biya ta kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, muka bi ta duhun mashigar nan har muka fito sarari inda kabarin yake ba rufi, muka yi masa addu'a. A hanyar komawa na tambayi Kawu labarin gangamin dashen itatuwa da ake yi kowace damina. Bauchi tana cikin jihohi 11 na shirin nan na kafa katangar itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Ya ce shirin yana da kyau, shi ma ya ci abinci a irin wannan aikin. Amma ya halarci bikin dashe ya fi a ƙirga: a kafa rumfa, babban baƙo ya tsuguna da sabuwar butar ban-ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Ranar ba ta da laifi. Tambayar ita ce wa zai zo ranar Talata ta watan Maris da bokiti.

Amsarsa tana bayan masallacin unguwarsu. Shekara huɗu da suka wuce shi da wasu dattawa suka haƙa 'yar kwata daga wurin alwala, suka karkatar da ruwan da a da yake kwanciya a lungu yana tara sauro. Suka dasa itace goma sha biyu a bin kwatar, suka kewaye kowanne da ƙaya da tsofaffin bulo, suka damƙa kowanne a hannun yaro ɗaya daga makarantar allo, har ana kiran itacen da sunan yaron. Liman ya yi musu bayanin sadaka mai gudana sau ɗaya, sauran aikin kunya ce ta yi shi, don ba yaron da ke so a ce nasa ne ya mutu. Tara sun rayu. Gwaiba biyu sun fara 'ya'ya, darbejiyar ta kai a shimfiɗa tabarma. A ƙarshen layin, inda ruwan ba ya kaiwa, Kawu ya soka kariya guda, tana ta fure ita kaɗai. Na ce wannan fa, inuwa ko 'ya'ya ko magani? Ya ce, "Wannan tawa ce. Na tsufa, an bar ni in yi abin da ba shi da dalili."

Washegari na koma wurin Baba. Ban sayi mai ninki biyun ba, kuɗinta ya fi ƙarfina. Na ɗauki ƙaramar kariya ta gida a leda, da boganbila ɗaya, da dashen lalle saboda uwargida. Ya ce kada in kuskura in sa boganbilar da lallen a ƙasa sai ruwa ya zauna, tukunyar simintin nan kuma in nemo mai ƙusa ya huda ta.

A tasha na ƙi yarda a sa su a but, na rungume su a cinya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, za ta sauka a Ningi, ta daɗe tana leƙen ledar. Da muka fita gari ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, wannan ba kariya ba ce?"

Na ce, "Ita ce, Iya."

"Ina za ka kai ta?"

"Kano. A gida zan dasa."

Ta gyara zama, ta ja jikarta ta mayar da ita ɗaya gefen, nesa da ledar. Can ta sake juyowa.

"Ba dai da kuɗi ka saya ba?"